Iyakar Motocina Tashar Jirgin Kano

Ranar Litinin likita ya sallamo ni daga Maradi, ya ce huhuna ya gama aikinsa, in koma gida. Ranar Talata babban ɗana Balarabe ya loda wa Ja, babbar motarmu, tan takwas na gyaɗa ya kama hanya, ya ce sai Ikko, bakin teku. Bai shigo ya sallame ni ba. Yau Alhamis.

Ni Adamu Ɗangana na Gidan Rumji, ina rubuta wannan da hannuna a kakar gyaɗa ta 1962, da cikakken hankalina. Babu wanda ya sa ni, babu ma kowa a ɗakin. Zuwa ga Balarabe da Ayuba da Maijidda.

Na ɗaya. Rabon gado aikin malamai ne, ban sa baki ba. Roƙo kawai nake yi: kowa ya san kasonsa, amma motocin nan biyu kada a raba su. Tsohuwa, ƙaramar motarmu, ita ke shiga rairayin Cadakori da ƙauyukan Agiye ta taro buhuna, Ja kuwa nauyinta ba ya barin ta shiga can. Ja ita ke kai kaya Kano, Tsohuwa ba ta iya hanyar. Wanda duk ya ɗauki guda ya ware, ya ɗauki rabin sana'a.

Na biyu. Iyakar motocina tashar jirgin ƙasa ta Kano. A sauke a can, jirgi ya ƙarasa da kayan teku, mota ta juyo da siminti ko gishiri ko yadi da jirgin ya kawo. Kada ta komo fanko.

Na san a kan wannan kuka daina cin abinci kwano ɗaya. Balarabe, ka ce a gabana, "Baba, mun samu mulkin kai, amma motarka har yau tana bin layi kamar mai neman alfarma." Ayuba ya ce maka ai mai son ganin teku ya hau jaki. Ba ku ƙara magana ba tun watan Sallah. Balarabe, ba ka yi ƙarya ba, layin tasha yana cin kwana uku, wani lokaci biyar, na kwana ƙarƙashin mota a can ya fi a ƙirga. To, ga abin da na auna da kaina. Zuwa Kano da komowa, Ja tana shan duro ɗaya da rabi na man gazuwal. Zuwa Ikko da komowa, bakwai ba ya isa. Na taɓa tsayawa a bakin dogo na ƙidaya tarago talatin bayan kan jirgi ɗaya, kowane tarago yana cin lodin mota biyu da ɗoriya. Ke nan mota sittin da wani abu, kowacce da man da za ta sha, kowacce da hayaƙinta. Hayaƙin nan ba wasa ba ne. Likita ya tambaye ni shekara nawa na yi ina shaƙarsa a gaban mota, na ce goma sha shida. Ya rubuta a takardarsa. Ban tabbatar shi kaɗai ya kayar da ni ba, amma ban sha taba ba ko sau ɗaya.

Akwai dalilin da ban taɓa faɗa muku ba. Ni ma na yi Ikko sau ɗaya, shekarar da na sayi Ja. Uwarku Delu tana da ciki wata takwas. Ta ce, "Malam, Kano ai ta ishe mu." Na ce kwana goma ne. Gada ta karye a gabanmu, muka jira, sannan taya biyu suka fashe. Na yi kwana ashirin da uku. Na iso na tarar an yi sadakar bakwai ɗinta, ita da jaririn. Kuna ƙanana, an ce muku ina Kano. Da ina Kano da na same ta da rai. Shekara tara ke nan ina cin abinci ni kaɗai a wannan ɗaki, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa. Balarabe, matarka Shatu tana nan da goyo, jiya na ji ta tana tambayar direbobi a bakin hanya.

Na uku. Hambali, direban da ya fara aiki da ni, idonsa ya raunana. Daga cikin sulusin da shari'a ta ba ni iko da shi, a ba shi gonar bakin rijiya. Kada a sake ɗora shi kan sitiyari ko ya roƙa, kuma zai roƙa.

Na huɗu. Maijidda, ke kika yi karatun lakol fiye da su. Akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona cike yake da jaridun da na tara, da taswirar dogo, a bar shi a hannunki. An sha rubuta cewa jirgi zai iso Maradi. Na daina jira, amma ke ki ci gaba da karantawa. In ya iso, ku matso da iyakar motocin gida, ku yi murna a madadina.

Na biyar. Ayuba, gaskiya tana wajenka a wannan gardama, amma bakinka ya ɓata ta. In wanka Balarabe ya komo, kai za ka fara gaishe shi, kai za ka kwance masa tampol ɗin mota. Kada ka ce masa ai ka faɗa.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini, har da shirun da na yi muku kan uwarku. A binne ni kusa da ita in wuri ya samu. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a hanya, Ya dawo da ku gida ku tarar da naku da rai. Ku riƙe juna, ku koma kwano ɗaya.

Ina cikin rubutun nan wani direban Tibiri ya aiko cewa ya ga jar mota mai kama da tamu a layin tashar Kano jiya da la'asar, an kwance igiyoyinta. Bai duba lambarta ba. In ita ce, za ta iso gida ranar Asabar.