Rasuwar Mai Faci da Makomar Tsohuwa

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Kula da Manhajar Rumbu, a madadin mai girma Shugabanta, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin 'yan sa-kai, ta samu labarin rasuwar babban injiniyanta kuma dattijonta, wanda kowa ya fi sani da Mai Faci, bayan 'yar gajeriyar jinya. Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma.

Ga wanda bai sani ba, Rumbu manhaja ce ta kyauta da ake ɗorawa a kan babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Tun da aka fitar da sabon zubi hankalin jama'a ya koma can, amma marigayin ya tsaya kai da fata a kan tsohon, domin ya san ƙananan asibitoci da makarantu da dama ba su da kwamfutar da za ta iya ɗaukar sabon. Duk inda ɓaraka ta ɓullo wadda ɓarayin bayanai za su iya bi, shi ke toshewa, har sunan Mai Faci ya bi shi ya danne na yanka. Bai taɓa sakin faci ba sai ya gwada shi a wata rangajejjiyar kwamfuta da ke bayan ƙofar ofishinmu, wadda fankarta ke gurnani kamar injin niƙa, yana cewa abin da ya tashi a nan zai tashi ko'ina.

Tsohon zubin nan Tsohuwa yake kiransa, kuma sunan ya taɓa jawo abin dariya. Wata rana ya shigo fuska a murtuke yana cewa Tsohuwa ta tashi ba lafiya, sai sabuwar sakatariyarmu, baiwar Allah, ta sayi lemo ta nufi gidansu dubiya, ta tarar da mahaifiyarsa garau tana shanya. Hajiya ta karɓi lemon ta yi godiya, ta ce ashe tana da ƙanwa a cikin kwamfuta ba a gaya mata ba. Daga ranar, duk wanda ya je gaishe ta sai ta tambaye shi jikin ƙanwarta.

Ba za mu ɓoye ba, an daɗe ana kai ruwa rana a kan ko a sallami Tsohuwa ko a ci gaba da ɗawainiyarta, kuma ajali ya riski marigayin ana tsaka da tsara yadda za a yi. Shi ya sa saƙonnin da ke shigo mana rabinsu ta'aziyya ne, rabi fargaba. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda bayanan majinyatanta kakaf suna kan tsohon zubi, ta tambaye mu ƙarara ko za a binne Tsohuwa tare da mai ita. Da tawagarmu ta je gaisuwa kuwa, Hajiya da kanta, tana share hawaye, ta ce to yanzu wa zai riƙa duba mata ƙanwa.

Ga amsarmu, ba kwana-kwana. Kwamitin Amintattu ya zartar da cewa za a ci gaba da kula da tsohon zubi na tsawon shekara biyar. Ba za a ƙara masa wani sabon ado ba, ba kuma za a taɓa abin da ke aiki ba, sai toshe ɓaraka kawai, kamar yadda marigayin ya nace. Injiniyoyin da suka koyi aikin a hannunsa sun karɓi ragama, babu facin da zai fita sai mutum biyu sun duba shi, kuma kwamfutar nan ta bayan ƙofa tana nan daram, ba mai ɗaga ta. Kafin wa'adin ya cika za mu taimaka wa kowane asibiti da makaranta su ƙaura a tsanake, ba da gaggawa ba. Kowa ya kwantar da hankalinsa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa, da 'yan'uwa da abokan arziki. Mun yi rashi, wallahi mun yi rashi, kujerarsa ma har yau ba wanda ya iya zama a kai. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makoma, Ya ba iyalansa haƙuri da dangana.

Ke kuma Hajiya, uwarmu, tsofaffi biyu ɗanki ya bar mana, kuma mun karɓi amanar duka biyun. Ita waccan mun yanka mata wa'adi. Ke ba mu yanka miki ba.

Sa hannu:
Wanda kuka fi sani da Dogo,
Kakakin Ƙungiyar Masu Kula da Manhajar Rumbu