Kada a Sare Dakwarar Baba

Makarantar Firamare, Ɗanzomo
12 ga Janairu, 1977

Zuwa ga ƙanena Haladu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma yi wa aikinka na tashar jiragen ruwa albarka. Mu nan gida lafiya lau. Ƙafar Goggo A'i ta yi sauƙi har tana zuwa rijiya da kanta, Murja kuma ta sauka lafiya, an sami mace, aka sa mata sunan Inna.

Na sami saƙonka cewa a bar Barau mai itace ya sare dakwarar da ke gonar marigayi Baba, tunda inuwarta da ƙayarta cin wurin shuka kawai suke yi. Ban ga laifinka ba, domin ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, har ina koya wa ɗalibaina cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka sassabe ƙal. Kusan kowa a nan yana ganin tsaron daji aikin malamin daji ne, shi kuwa talaka nasa asara. To, saurara ka ji abin da ya faru bana, sannan ka yanke shawara, domin gonar tamu ce mu biyu, ba zan yi kome ba sai da yardarka.

Ka san yadda muke yi da ƙaro tun muna yara. Kowa na tsoron in ya bar nasa ya bushe a jikin itace, mutanen tsallaken iyaka za su riga shi. Su ma can wajen Dungas tsoronmu suke ji. Saboda haka sai kowa ya yi sauri ya kafta wa dakwara gatari har cikin tsoka, ya tsinke ƙaron yana danƙo, ya haɗa da ƙasa da ganye. Mai saye ya duba ya yamutsa fuska, itacen kuma ya mutu bayan shekara biyu. Da aka yi farin nan na rashin ruwa, ya tafi da gyaɗa da shanu, sai muka waiga muka ga abin da ya tsaya a tsaye dakwara ce da gawo, su ne kuma muke kashewa da hannunmu.

Bayan an yi girbi sai aka yi zama ranar kasuwar Maigatari, ƙarƙashin tsamiya. Akwai dattawan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, da na ƙauyukan Damagaram, da ardon Fulani, da malaman daji na ƙasashen biyu. Ni aka ba alƙalami. Aka yarda ba wanda zai sake sa gatari, sai dai a ɗaye ɓawo kaɗan, faɗin yatsa biyu, bayan ganye ya fara zuba. Makiyaya ba za su sassare reshen dakwara ba, mu kuma mu bar musu kara da 'ya'yan gawo. Babban sharaɗin shi ne ba mai taɓa ƙaro, nan da can, sai an cika kwana arba'in da ɗaye ɓawon, a fara tsinka rana ɗaya. Wakilin masu saye daga Kano ya ce in dai ƙaron ya zo busasshe mai tsabta, zai saya ba tare da tambayar ta wane gefen iyaka ya fito ba.

Ka tuna Bappa Sajo, Bafulatanin da ke sauka da shanunsa a bayan gonarmu kowace kaka? Shi ya tashi a taron ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin Bamange, wato irinmu, ya yi haƙurin kwana arba'in a kan abin da za a kai kasuwa ba. Aka fashe da dariya. Kawu Hussaini ya mayar masa cewa mu dai za mu iya, a ji da Bafulatanin da akuyarsa ta fi shi ƙarfi.

Dariya daban, jira daban. Wajen kwana na ashirin ƙaro ya fito ɓul-ɓul a jikin itatuwan Baba, yana ƙyalli kamar zuma, ga shi a bakin hanyar da kowa ke bi zuwa iyaka. Ba na ɓoye maka, zuciyata ta yi ta raya mini in tsinke kafin wani ya riga ni. Na kuwa san in ni mai riƙe da takarda na karya, kowa zai karya, itatuwan su mutu, Barau ya kawo motarsa ya kwashe. Goggo kullum sai ta dogara sanda ta je ta ƙirga dunƙulen, ta dawo ta ce suna nan. Wata rana ta tarar da Sajo ya kewaye da garkensa ta nesa, ya bi doguwar hanya don kada awaki su kusanci wurin. Ya ce mata ba don mu ya yi ba, so yake ya ga ranar da Mangawa za su kasa.

Ba mu kasa ba. Ranar da aka cika arba'in sankira ya yi shela, aka fita gaba ɗaya tun daga Gagarawa har Dungas. Ko dunƙule ɗaya bai ɓata a gonarmu ba. Wani dunƙulen ya kai ƙwan zabo girma, in ka ɗaga shi a rana kana hango yatsanka ta ciki. Mai saye bai yamutsa fuska ba, Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, Sajo kuwa ya kawo mana ƙwaryar nono ya ce tarar bakinsa ce. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Itatuwan suna nan da ransu, har sun soma fitar da na biyu.

Na ba Dogo direba dunƙule ɗaya ya kawo maka. Kada ka yarda da maganata kawai. Ka nemi hutu bayan girbi mai zuwa, ka zo in ba ka wuƙar Baba ka ɗaye reshe ɗaya da hannunka, ka jira naka arba'in ɗin. In ka tsinki ƙaronka har yanzu kana son a sare, ni da kaina zan kira Barau.

Goggo A'i na gaishe ka, ta ce ka daina yi mata rowar takarda. Kawu Hussaini da Murja da Adda Kyauta duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Rabi'atu da yara.

Ni ne yayanka,
Malam Ilu