Turken Ragon Alhaji

Laraba, bayan isha'i.

Kwana uku ina sintiri Jiratawa a kabu-kabu, ashe rago ne ya wahalar da ni. Takaici ya hana ni cin tuwo.

Tun da na haɗa wa Alhaji famfon sola a garkarsa, da an kunna sai lasifikar masallacin gefe ta kama ƙugi, don wuta ɗaya suke sha. Na auna, na ga hayaniyar na'urar juya wuta ba iska take bi ba, cikin waya take komawa. Na canza matatar da ke tace hayaniyar, a banza. Har liman ya fara cewa ban san aikina ba.

Yau na bi wayar ƙasa da hannu, wadda ke zubar da hayaniyar cikin ƙasa. A yashe take cikin ciyawa, babu ƙarfen da na kafa mata. Can na hango shi, an ɗaure rago a jikinsa.

Na ce, "Alhaji, wa ya cire wannan?"

"Ni ne. Na ga ba ya aikin komi."

Na mayar, ƙugi ya ɗauke. Ko sannu bai ce ba. Sai ya dube ni, wai, "To yanzu ina zan ɗaure ragon?"