Abin da Ban Tambaye Ki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina sanar da ke na gama makarantar kiwon lafiya. An turo ni ɗakin shan magani kusa da Bunkure, wata biyu ke nan.

An koya mana ciwon ciki ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsutsa, akwai na tsargiya da ake ɗauka a ruwan kanal na noman rani, akwai taifot, akwai gyambon ciki mai tashi idan an ji yunwa. Akwai kuma wata 'yar wutsiya a jikin hanji da ke kumbura, ita sai an yi aiki an cire. Kafin a ba da magani sai an tambayi mai ciwo inda ya fara, da inda ya koma, da ko akwai zazzaɓi.

Duk na san wannan a lokacin da na zo hutu a girbin alkama. Na same ki a tsakar gida kina sheƙar alkama, kina tsayawa kina dafe gefe. Ni ne ɗanki na fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba kya yi mini magana kai tsaye. Na ce sannu, kika juya wajen Gwaggo Hajara, wadda ta goye ni, kika ce, "Gaya masa na ji sauƙi." Na karɓi amsar na fita. Bakina ya kasa tambayar cikin da ya ɗauke ni.

Kwana huɗu ana jiƙa miki kanwa. A na biyar muka sa ki a mota, ba mu kai Kano ba.

Bayan sadakar uku Gwaggo ta ce mini ciwon daga cibiya ya fara, ya sauka dama, kin yi amai, jikinki ya yi zafi. Ba a gwada ki ba, don haka ba zan ce na tabbata ba. Amma alamomin kumburin nan ke nan, babu wadda ta ɓata. Na yarda ajali ne, Inna. Shirun kuwa nawa ne.

Makon jiya Gwaggo ta kwanta da nata ciwon. Kawu ya ce ɗa ba ya taɓa cikin uwa. Na durƙusa na nemi gafararsu, na yi tambayoyina, na danna cikin. Ta kau da kai ta ce, "Boko ya cinye maka kunya," sannan ta kama hannuna ta kai shi wurin da ke mata ciwo. Ranar muka tafi Kano. An gwada jini, taifot ne. Yau ta sha koko ludayi biyar, ni na ƙirga. Har yanzu ba ta kula ni ba, na kuwa gode Allah.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya sa ciwon da kika ɓoye mini ya zame miki kaffara, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanki,
Auwalu