Na San Shaffat Ba Ya Ja, Na Bar Shi Yana Shaƙa

Assalamu alaikum Hajja mai wannan shafi, da masu karatu. A ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya dakata ya ji ƙarshe tukuna, don na ga yadda kuke yayyaga mutane a nan kamar ku ba ku taɓa yin laifi ba.

Kafin yaƙi ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin man riɗi a garin Bahri. Mu biyu ne, ni da wani da zan kira Ustaz Abdalla, shi ne babba. Kakansa da kakana a kambo ɗaya, wato sansanin 'yan ƙwadagon gona, suka yi cirar auduga a yankin Jazira, amma da ya yi karatu sai ya manta Hausa. In na gaishe shi da harshenmu da Larabci yake amsawa. Ya taɓa ɗaga kwalbar gwaji da na wanke a gaban ma'aikata ya ce, "Ku ga aikin 'yar kambo. Ke wankin tukunya ne ya dace da ke." Aka yi dariya. Shekara uku ina haɗiyar irin wannan.

A ɗakin akwai akwatin gilashi da muke ce wa shaffat. Duk gwajin da za a zuba asid ko maganin narkar da mai, a cikinsa ake yi, fankar da ke kan rufi ta zuƙe tururin ta kai waje. Duba shi duk wata aikina ne, in auna iskar bakinsa in sa hannu a takarda. Wata safiya na auna, babu komai. Na kara siririyar takarda a bakin, ko motsi ba ta yi ba. Injin yana ta ƙugi kamar lafiya lau, ashe bel ɗin fankar ne ya tsinke. Na je na faɗa wa mudir, wato shugaban kamfanin. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Masu dubawa jibi za su zo. Ki sa hannu, kalas, shi ke nan, in sun tafi a gyara." Na sa. Suka zo, suka ji ƙugi, suka ga sa hannuna, suka sha shayi suka tafi. Ba a gyara ba.

Wannan laifin mudir ne da nawa. Na gaba kuwa nawa ne ni kaɗai. Ban faɗa wa Abdalla ba. Na koma teburin bakin taga na ce ciwon kai nake yi, na bar masa duk gwajin asid. Ya ce, "Da ma na san ba za ki iya ba." Na ce, "Haka ne Ustaz, sai ku manya." Wallahi daɗi na ji. Kullum ina kallonsa ya sa kai a bakin gilashin, idonsa ja, yana tari yana cewa mura ce. Duk wata in sake sa hannu. Wata takwas. Wace irin zuciya ce wannan? Ban yi niyyar kashe shi ba, amma me na yi niyya in ba haka ba? Har yau ban sani ba.

Yaƙi ya zo, kowa ya watse, na ce magana ta mutu. Bana da muka dawo unguwarmu Kalakla sai ga matarsa a ƙofarmu, ta sha wuya kafin ta gano gidan. Ta ce suna unguwar Dar Salam wurin 'yan uwanta, Abdalla ba ya iya tafiya masallaci sai ya tsaya sau uku. Kowa na cewa hayaƙin yaƙi ne, amma likita ya ce ƙirjin nan ya yi kama da na wanda ya daɗe yana shaƙar sinadari, yana so ya san mene ne kuma tsawon yaushe, don ya san maganin da zai ba shi.

Na bi ta na je. Na same shi a kan gado a tsakar gida, ya rame kamar kara. Kun zaci ciwo ya sauke masa girman kai? Ya dube ni ya ce wa matarsa da Larabci, "Wa ya ce ki kawo wannan? Me ta sani?" Sai tari ya turnuƙe shi. Da ya lafa, ya yi mini magana da Hausa, karo na farko tun da na san shi. Ya ce, "Shaffat lafiyarsa ƙalau, ko ba haka ba? Ke kike dubawa." Na ce, "Lafiyarsa ƙalau." Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuska bango.

Mudir kuma ya ji labari ya kira ni. Za su sake buɗe kamfani, yana so in koma. Ya ce, "Takardun suna nan ba su ƙone ba, kuma hannunki ne a kai, ba nawa ba. Ki yi hankali da bakinki." Allah ya isa tsakanina da mutumin nan.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu ba na ƙaunar Abdalla, ko kaɗan. Amma 'ya'yansa huɗu ba su taɓa ce mini 'yar kambo ba. In na yi magana na tona wa kaina asiri, danginsa ba za su bar ni ba, aikin kuma ya tafi. In na yi shiru likita zai ci gaba da lalube, mutumin yana ƙarewa. Ran Asabar za su koma asibiti, matarsa ta roƙe ni in raka su, na ce to.

In likita ya tambaye ni a gabanta, me zan yi?