Ragunan Dutsen Tagalal

Litinin, 4 ga Maris 1963
Na komo Tahoua bayan kwana shida bisa raƙumi. Shekarata ukku ina aikin gardin daji, mai tsaron namun daji, ban taɓa ganin ragon dutse ba sai fatarsa a bangon biro, ofishinmu. To, na gani. Sha ɗaya, har da ƴaƴa biyu, bisa Dutsen Tagalal, arewa da Takanamat. Dutse ne shi kaɗai tsakar rairayi, da kwarmin ruwa a gindinsa da ba ya ƙafewa. Tsoho Almustafa, makiyayin raƙuma, shi ya kai ni. Ya ce tun kakansa suna nan, ba su da wurin zuwa, don in sun sauka fili karnuka ma sun ishe su. Kafin mu hau sai da ya riƙe mani hannu: "Ɗana, idonka na ba, ban ba bakinka ba." Na ce Baba, gwamnati tamu ce yanzu, kare su za a yi.

Laraba, 6 ga Maris
Na rubuta rahoto, shafi huɗu, da zanen hanya. Na roƙi a hana farauta a dutsen. Shef, shugaban biro, ya ce aiki ya yi kyau. Bai taɓa ce mani haka ba.

Jumma'a, 15 ga Maris
Na kama Illa na Affala da barewa ɗaya a tarko. Ya ce matarsa ce ta haihu. Doka doka ce, na kawo shi. Kwana goma a gidan kaso. Matata Jummai ta aje mani tuwo ba ta zamna ba. Da na yi magana sai ta ce, "Maigida, barewar ta tashi da anka rufe shi?"

Asabar, 23 ga Maris
Baƙi daga Yamai, manya ukku da wani Bature ɗan kasuwa, mota biyu. Shef ya kira ni, rahotona a hannunsa. Na ɗauka zancen kariya ne. Ya ce, "Manzo, kai za ka shiga gaba, kai ka san hanya." Na ce ranka ya daɗe, ai su ne na rubuta a tsare. Ya ce, "Gani kawai za su yi." Na ga bindigogin a bayan mota. Na shiga.

Talata, 26 ga Maris
Bakwai sunka kashe. A bakin ruwa sunka jira su da hantsi. Ɗaya tana da ciki. Ƙahoni da cinyoyi sunka ɗauka, saura sunka bar wa ungulu. Ni na riƙe wa babbansu kan ragon anka ɗauki hoto. Ya kira ni ɗan ƙasa nagari.

Laraba, 27 ga Maris
An aiko mana cinya. Jummai ta ba maƙwabta.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Na gamu da Almustafa a kasuwar dabbobi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ja rawaninsa bisa hanci, ya dubi raƙumin da ke bayana kamar ba ni nan. Na ce Baba, wallahi ba abin da na nufa ke nan ba. Ya ce, "Nasara ya yi shekara sittin bai same su ba. Kai takarda huɗu." Ya wuce. Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Illa ya wuce ƙofar biro, ya ɗaga mani hannu yana dariya. Duk garin an ji.

Talata, 14 ga Mayu
Takarda ta zo daga Yamai, kowane gardi ya faɗi inda namun dutse sunka rage a yankinsa, wai za a keɓe wurare. Mai yiwuwa da gaske suke wannan karon. In na ce akwai, ƙila a tsare dutsen. Ƙila kuma a zo da mota ukku.

Litinin, 20 ga Mayu
Na koma Tagalal ni kaɗai. Ƙasusuwa sun yi fari. Ban ga kome ba bisa dutse, amma a laka, bakin ruwa, sawu: manya ukku, ƙarami ɗaya. Na daɗe tsaye. Raƙumina ya sha, ya tattake wurin duka. Ban janye shi ba.

Alhamis, 23 ga Mayu
Shef ya tambaya. Na ce sun ƙare. Ya ce in rubuta, na rubuta, layi ɗaya, na sa hannu. Ai ban ga ko ɗaya da idona ba, ba za a ce na yi ƙarya ba.
Wani mai jaki ya gifta ni a hanyar Tebaram da buhu mai ɗigar jini. Rana ta yi zafi ƙwarai. Ban tsai da shi ba.