Ƙaramar Cikin Huɗu

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Sallama irin ta uwa, da addu'ar Allah ya sanyaya makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunki ba. Amma ke kika matsa mini na shiga makarantar manya, kina dariyar yadda nake riƙe alƙalami kamar muciya. To, ga hannun ya ɗan faɗa, kuma ba ni da wanda nake son rubuta wa sai ke.

Gida lafiya lau. Babanki yana nan da ciwon gwiwarsa. Amma labarin da ya sa na zauna shi ne na Gajera, akuyar nan 'yar kudu da kika sayo a kasuwar Sabon Maci. Kin tuna yadda maƙwabta suka yi ta tsokanarki, wai kin sayo kyanwa mai ƙaho? To, ta haihu. Huɗu, ɗiyata! Daga wannan ɗan cikin! Na tsaya bakin turke ina waigawa in kira ki, sannan na tuna.

Murnar ba ta daɗe ba. Nonon akuya biyu ne, bakuna kuwa huɗu. Ukun suna da ƙarfi, suna ture juna suna sha. Ta huɗun mace ce, mai farin goshi, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. In ta miƙe sai ta faɗi, in ta lallaɓa ta kai ga hantsa sai uwar ta matsa gaba. Babanki ya ce in bar wa Allah, huɗu ba su cika tashi duka ba. Gaskiya ya faɗa. Amma ta yaya zan zauna ina kallon abinki yana mutuwa a tsakar gidana?

Na tatsi dakashin Gajera, na dinga ɗiga mata a baki da ɗan yatsa. Daga baya na sayo bibiro irin na jarirai. Da nonon uwar ya kasa, na ba ta madarar shanu, sai zawo ya kama ta. Idanunta suka faɗa, kunnuwan suka yi sanyi. Ban iya cin abinci ba ranar. Na ɗauko zanenki mai ruwan ganye, wanda ban bari an kyautar ba, na naɗe ta a ciki, na goya ta. Haka na yi daka, haka na je fanfo. Mata suna ta dariya, wai tsohuwa ta sake haihuwa. Ban kula su ba.

Ana cikin haka jar akuyata ta haifi ɗa ba rai. Ta yini tana kuka, hantsarta ta cika tam. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ce da ba a yar da gawar ba, da an lulluɓa wa ƙaramar fatarsa, uwar ta ji warin ɗanta. Tun da an riga an yar, ta ce in shafe ƙaramar da nonon jar akuyar tun daga kai har wutsiya, in barbaɗa mata ɗan gishiri. Na yi. Da na kai ta, jar ta shinshina, ta kai mata karo har ta wuntsila. Na riƙe ƙahon na matse ta da gwiwa, ƙaramar ta samu ta ɗan tsotsa. Kullum haka, ni da ita muna kokawa, ina ba ta harawa da ɗiyan gawo ina lallashi. Me ban gaya wa akuyar nan ba? Har na ce mata ni ma tawa ta tafi, na san abin da take ji.

Wata safiya na fito da tsintsiya, sai na tarar da jar akuyar tsaye ba mai riƙe ta, tana lasar bayan ƙaramar, ita kuwa tana sha tana kaɗa wutsiya. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ke, don ranar mutane suna kallo.

Ɗiyata, abin da ban taɓa gaya miki ba ke nan. Ke ta fari ce. Kunya ta hana ni yi miki wasa gaban mutane, kakarki ce ta fi goya ki, kuma bakina bai taɓa kiran sunanki ba, sai dai in ce “ke” ko “waccan”. Haka aka yi mini, haka na yi. Kin taɓa zaton ba na marmari? In kin juya baya ina bin ki da ido har ki sha kwana. Kin sani kuwa? Goyon da na yi wa 'yar akuyarki tsakiyar gari, naki ne.

Yanzu ta yi ƙwari, tana tsalle kan turmi, ta fara tsinkar ganye. Ba ta biyo ni kuma, jar akuya take bi. Haka ya kamata, na gode wa Allah. Sai dai bayana ya yi sanyi. Na wanke zanenki na ninke.

Huɗun duk suna nan, ko ɗaya ba zan sayar ba bana.

Sai mun sadu, Rabi. Ga shi na rubuta, kuma da nake rubutawa na faɗe shi a fili. Rabi. Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta.

Ni ce,
Innarki, daga Dakoro.